Wanda Aradu Ta Bari

Kafin abin ya faru, Gumersindo Kallisaya masunci ne, kuma duk ƙauyenmu, da yake arewacin wani tsibiri a tsakiyar babban tafki, babu mai surutunsa. Idan kwalekwalen masunta suka nufo gaɓa da hantsi, muryarsa ce take riga su isowa. Yana busa sarewa a bikin waliyyai, ba don ya fi kowa iyawa ba, sai don ya fi kowa ƙarfin huhu. Shi ya auri yayata Basilia. Ni Kasimira ina 'yar budurwa a lokacin, kullum cikin tsiya muke da shi. Yana kirana Ƙafar Jaki saboda nauyin takuna, ni kuma ina ce masa Bakin Kifi. Yakan ce wa mahaifiyarmu an cuce shi, an ba shi 'ya ɗaya mai aiki an haɗa masa da ɗaya mai ci.

Gonar dankalinsu tana can sama kusa da Titikala. Dutsen nan ne da kakanni suka ce daga kogonsa rana ta fara fitowa lokacin da duniya take cikin duhu, kuma daga nan sarkin mutanen Inka na farko da matarsa suka kama hanya suka je suka kafa mulkinsu. An ce a da lulluɓe yake da zinariya da tufafi masu tsada, mai ziyara ma tun daga nesa yake cire takalmi. Mu dai mun tashi mun same shi jan dutse tsirara, tumaki na kwanciya a gindinsa. Ba mai wucewa bai ajiye ganyen koka, irin wanda muke taunawa, ko ya tsiyaya ɗan abin sha a ƙasa ba, amma a cikinmu ba wanda yake tsayawa kallonsa.

Wata rana da damina shi da Basilia suka hau yin noma, suka bar 'yarsu Leandra, wadda ko rarrafe ba ta fara ba, a hannun mahaifiyarmu. Da rana ta karkata hadari ya taso daga tsallaken tafki, ƙanƙara ta sauko. Suka jefar da fartanya suka ruga suka raɓe a jikin dutsen. A nan aradu ta same su.

A wurinmu ba a kallon wanda aradu ta faɗa wa. An ce tana tarwatsa mutum ne, sannan ta dawo ta harhaɗa shi, idan kuwa ido ya gan shi a tsakani to ba zai haɗu ba. Wasu mata biyu masu kiwo da suke kusa sun ji ƙarar, sun kuma ji ƙaurin ƙuna, sai suka rufe fuska da mayafi suka gangaro gida suka faɗa. Maza suka taru a gindin tudu suna jira, ba wanda ya hau sai da sama ta washe. Suka tarar da Gumersindo a zaune, takalmansa sun yi tsalle can gefe, rabin rigarsa ya ƙone. Basilia tana kwance kusa da shi, ya rufe mata ƙafafu da bargonsa. Da ya ga mutane, abin da ya tambaya shi ne ko wani ya ɗauko fartanyoyin, kada su yi tsatsa.

Bai yi kuka ba a wurin jana'iza. An miƙa masa kwanon miya ya shanye, an ƙara masa ya shanye. Mahaifiyarmu ta riƙe wannan a ranta shekara da shekaru. Kunnensa na hagu ya mutu, hannun hagun ma ya daina jin zafi ko sanyi, wani zane kamar reshen itace ya fito masa tun daga kafaɗa har ƙugu. Ni aka ɗora wa shafa masa kitse a ƙunar, tunda ba shi da 'yar'uwa mace a tsibirin.

A lokacin mutane sun fara ƙananan maganganu, wai idon wa ya ga Basilia har ta kasa tashi. Wasu na zargin matan nan masu kiwo, har ɗaya ta daina zuwa ɗiban ruwa da rana. Wata safiya ina shafa masa kitsen, yana kallon bango, sai ya ce, "Ku ce a bar matan nan. Ni na gan ta. Na buɗe ido na juya na gan ta."

Na tsaya da hannu a kafaɗarsa. Ya ce in ci gaba, kitsen zai daskare. Da maraice na faɗa wa mahaifiyarmu. Daga nan maganar ta mutu.

Bayan girbi sai ga Tata Ilarion daga kudancin tsibirin a kan jaki; Tata kuwa da yarenmu baba ke nan. Shi ne yatiri mafi tsufa a lokacin, mai duba da ganyen koka da ƙona hadaya a madadin mutane. Ya sa Gumersindo ya tuɓe riga, ya bi zanen nan da yatsa, ya watsa ganye a kan mayafi ya daɗe yana kallo. Ya ce zance ya ƙare, an zaɓe shi, kuma a jikin Titikala aka zaɓe shi, abin da shi kansa bai taɓa jin an yi wa wani ba. Gumersindo ya ce shi masunci ne. Tsohon ya ce masunci ne a da. Ya ƙara da cewa wanda aka kira ya ƙi amsawa, aradu tana dawowa gidansa, kuma ba lalle kansa za ta nema ba. Yana faɗa yana duban Leandra da take rarrafe a bakin ƙofa.

Mahaifiyarmu ta suri yarinyar ta shige ɗaki. Gumersindo ya mayar da rigarsa, ya ce, "To."

Haka ya bi tsohon yana koyo. Ya koyi yadda ake jera hadaya a kan takarda: alewa, ulu mai launi, kitsen lama (dabbarmu mai kama da ƙaramin raƙumi), turare, ganye. Ya haddace sunayen duwatsu masu ƙanƙara a ka da ake kira ɗaya bayan ɗaya, da addu'o'in coci da ake haɗawa da su. Kansa yana ja, bai sha wuya ba. Ya ba ƙaninsa kwalekwalen, sarewar kuma ban san inda ta shiga ba. Da Tata Ilarion ya rasu, shi ya gaji zama a wani teburin dutse da yake fuskantar Titikala, inda ake duba da ƙona hadaya.

Ni na ɗauki Leandra. Da na auri Fortunato, wani masunci maƙwabcinmu, da ita na tare, ta tashi tare da 'ya'yana. Ubanta yana zuwa duk Lahadi da buhun dankali ko wake, ya zauna a dakali, ya dafa kanta, ya tambaya ko tana cin abinci. In an ce tana ci, sai ya gyaɗa kai. Ba ya dukanta, ba ya yi mata faɗa, ba ya kuma ɗaukarta. Na yi ta gwada tsohuwar tsiyarmu ko zai tanka. In ce, "Bakin Kifi, kai da ko inda kifi yake ba ka taɓa ganewa ba, yau kai ne mai ganin gobe?" Da can da sai ya rama har in gudu. Yanzu sai ya juyo da kunnensa mai ji, in maimaita, ya ce, "Haka ne." Daga baya na daina, na koma kiransa Tata Gume kamar kowa.

A shekarun nan ne baƙi suka yi yawa. Da can masu ziyara daga garin Kopakabana da ke tsallaken tafki suke tsallakowa jefi-jefi, bayan sun gama ziyarar babban cocin can. Sai jiragen ruwa masu inji suka zo, aka gyara hanyar dutse, gidaje suka fara ware ɗakunan kwana. Direbobin manyan motoci suna zuwa, matan kasuwa daga birnin El Alto da manyan siket da haƙoran zinariya suna zuwa, ɗalibai masu jarrabawa, ma'aurata marasa haihuwa, da Turawa masu jaka a baya da fuska ja kamar an mare su. A tsakiyar sanyi, ranar sabuwar shekararmu, wurin ba ya ɗaukar mutane, kowa ya ɗaga tafin hannu yana jiran hasken farko.

Tata Gume yana yi wa kowa aiki daidai. Ba ya gaggawa, ba ya tsallake suna ko ɗaya, ba ya ƙara wa mai kuɗi ko rage wa talaka. Abin da ya gani a ganye shi yake faɗa, da murya ɗaya, ko haihuwa ce ko mutuwa. Wata mata ta taɓa ce masa ya ɗan sassauta mana, mijinta ne fa ake magana a kansa. Ya ce mata ganyen ne bai sassauta ba. Wannan halin ne ma ya sa sunansa ya yi nisa. Mutane suna cewa mutumin da ba ya murmushi don a ba shi, ba zai yi ƙarya ba. Yana ɗaukar garwashi da hannun hagu ya gyara wuta, su kuma su riƙe baki suna cewa ikon dutse ne. Ni da nake shafa masa magani a ƙunar bayan sun tafi na san hannun yana ƙonewa kamar na kowa, ji ne kawai ba ya yi.

Akwai samarin da suke yi wa baƙi jagora. Wata rana na hau kai masa abinci, na tarar da ɗayansu ya tara Turawa a gabansa yana ba su labari da yarensu, yana nuna sama, yana nuna jikin dutsen, daidai inda aka sami Basilia. Sannan ya juyo ya ce, "Tata, a nuna musu." Gumersindo ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kwance maɓallai, ya zame rigar daga kafaɗa. Suka matso da na'urorinsu suna ɗauka. Iska kuwa tana kaɗawa mai shiga ƙashi.

Na jira suka wuce, na dire kwanon a gabansa. Na ce, "Yanzu yayata ce ta zama abin talla? Kai kuma kana tuɓe musu kamar ragon da ake tayawa?"

Ya gama sa maɓallansa. Ya ce, "Wannan gefen ba ya jin sanyi."

"Ba sanyi nake maka magana ba."

"Na sani," in ji shi. Ya buɗe kwanon ya fara ci.

Na sami yaron a gangare na wanke shi tas, har uwarsa ta daina gaishe ni. Yaron ya daina na ɗan lokaci, daga baya wasu suka ci gaba.

Leandra ta girma da wannan a idonta. A makaranta ana ce mata 'yar aradu, wasu yaran ba sa yarda su zauna kusa da ita idan hadari ya haɗu. Ta fito da tsayin uwarta da bakin ubanta na da. Da ta zama budurwa, wata Lahadi yana zaune a dakalinmu tana tsinke wake, ta tambaye shi kai tsaye ko dutsen nan yana yi masa magana. Ya ce a'a. Ta tambaya ko ya taɓa yi, ko sau ɗaya. Ya ce bai taɓa ba.

"To me kake yi a can kullum?"

"Mutane suna zuwa," in ji shi.

Ta ce mutane suna zuwa kasuwa ma. Ta ce wurin da ya kashe mata uwa, shi ne ya je ya tare a gindinsa kamar kare, ita kuma ya bar ta a gidan wasu. Fortunato ya daka mata tsawa, ni ma na ce ta kama bakinta. Gumersindo bai gaya mata abin da Tata Ilarion ya faɗa a bakin ƙofa ba, ya kuma hana mu faɗa tun tana ƙarama, wai kada ta tashi tana tsoron sama. Ya dai zauna har ta gama, ya ce waken nan bai bushe sosai ba, a ƙara shanya shi. Kafin damina Leandra ta bi wata ƙawarta zuwa El Alto aikin ɗinki. Can ta shiga cocin masu wa'azi da lasifika, ta aiko cewa aikin ubanta na shaiɗan ne, tana yi masa addu'a. Da na isar masa da saƙon ya ce madalla, addu'a ba ta yawa.

Ni ce na gaya mata gaskiyar, shekaru bayan haka, da ta zo jana'izar mahaifiyarmu da ɗanta a goye. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ai da ya tambaye ni." Na ce lokacin rarrafe take yi. Kafin ta koma ta hau tudun ta kai masa rigar sanyi da ta ɗinka. Ba ta ƙarasa teburin ba, daga nesa ta tsaya ya taso ya karɓa.

Sai rigima ta ɓarke tsakanin ƙauyenmu da na maƙwabta a kan baƙi da wanda zai riƙa saukar da su. Aka yi jifa, aka fasa kawuna, aka tare hanya ta ƙasa da ta ruwa. Jirage suka daina zuwa arewa. Ɗakunan kwana suka koma rumbun dankali, samari suka watse birni. Shekaru aka yi a haka.

Kowa ya ɗauka Tata Gume zai ci gaba da hawa ko ba kowa, tunda shi na dutse ne. Ranar farko ya hau, ya dawo da rana tsaka. Bai sake hawa ba. Bayan 'yan kwanaki na fito da safe na gan shi a gaɓa yana taya Fortunato warware koma. Ba wanda ya gayyace shi, ba wanda ya hana shi. Hannun hagun ba ya jin igiya, sau da yawa sai ya ga jini kafin ya san ta yanke shi, amma ƙafarsa ba ta manta tsayuwar kwalekwale ba. Fortunato ya ce a kan ruwa ba ya magana, sai dai wani lokaci yakan yi wani ɗan gunaguni a maƙogwaro da ya yi kama da waƙa.

A shekarun nan ya yi ƙiba kaɗan. Sau ɗaya ma na ga haƙoransa. Ana ƙoƙarin shigar da jakin wani maƙwabci cikin jirgi, jakin ya turje, mai shi ya ja da ƙarfi, igiya ta tsinke, mutumin ya faɗa ruwa da hularsa. Na juya na ga kafaɗun Gumersindo suna rawa. Da ya lura ina kallonsa sai ya sunkuya ya ci gaba da fere kifinsa. Na kau da kai, don tsoron kada in kore abin.

Daga baya aka yi sulhu, aka buɗe hanya. Dattawan ƙauye suka zo gidansa da ganye da kwalba, suka ce baƙi sun fara dawowa, kuma suna tambayar mutumin da aradu ta taɓa. Suka ce ƙauye ya sha wuya, kowa sai ya kawo abin da yake da shi. Fortunato ya ce musu mutumin nan ya tsufa, a bar shi ya huta. Ni na ce ya yi musu shekara nawa, bai isa ba? Gumersindo yana zaune yana jin mu da kunne ɗaya. Da suka gama ya shiga ɗaki ya ɗauko mayafin dubansa, ya kakkaɓe ƙura, ya tambaya ko gobe ne ko jibi.

Bai daɗe ba a wannan karon. Gwiwoyinsa suka ƙi hawan, aka riƙa ɗora shi a jaki, daga baya jakin ma ya gagara. Wani mutum daga tsallake ya karɓi teburin, mai kyan tufafi da iya magana, wanda aradu ba ta taɓa ko kusantarsa ba. Baƙi ba su ga bambanci ba.

Leandra ta zo ta tafi da shi El Alto. Tana da shagon ɗinki da keke huɗu, da ɗaki a sama. Na ziyarce su sau ɗaya. Na same shi a kujera kusa da taga, an rufa masa bargo, talabijin na ta yi, yana cire zare daga bakin wandunan da aka gama. Wasu matan kasuwa sun gano inda yake, suna zuwa da ganye a ƙulle, Leandra tana tare su a ƙofa ta ce nan shagon ɗinki ne. Na tambaye shi ko yana kewar tsibiri. Ya ce ruwan famfon nan yana da wani ɗanɗano. Ya tambayi lafiyar Fortunato, ya tambaya ko an samu kifi bana. Jikansa ya shigo daga makaranta ya faɗa jikinsa ta gefen hagu, shi kuma bai sani ba sai da yaron ya zagayo ta gabansa.

Da sanyi ya rasu, a asibiti, ciwon ƙirji. Leandra ta ce ba a wahala ba, barci ya yi. A can aka binne shi, don dawo da gawa tsallaken tafki ba ƙaramin aiki ba ne, kuma bai bar wasiyyar inda yake so ba. 'Yan cocinta suka yi waƙoƙinsu, mu 'yan tsibiri kaɗan da muka je muka tsiyaya abin sha a ƙasa ta bayan idonsu. An dafa miyar gyaɗa mai kyau. Na ci, na kwana biyu, na kamo hanya.

Jirgin da ya dawo da ni daga Kopakabana cike yake da masu ziyara. Wata yarinya mai ciki da mijinta suka zauna kusa da ni, ta ga kayana ta gane 'yar can ce. Ta tambaye ni ko dutsen yana da nisa daga inda jirgi yake tsayawa. Na ce da ɗan tafiya, ta bi a hankali, ta riƙa hutawa, kuma ta sayi ruwa tun daga gaɓa don babu a sama.